Zagayen Annapurna: ta gabas za a faro ko ta yamma?

Tun wajen ƙarfe huɗu na asuba fitilun goshi ke fara jeruwa a bayan masaukan Thorong Phedi, wani zango da ke gindin dutse a ƙasar Nepal, mita kusan 4,500 sama da teku. Matafiyan kan fita cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi domin su ƙetare mashigar Thorong La, mai tsayin mita 5,416, kafin iskar hantsi ta taso. Kusan dukkansu yamma suka dosa. Ɗaiɗaiku ne kawai ake cin karo da su a saman mashigar sun hauro daga Muktinath, wato ta ɗaya gefen, kuma 'yan jagora kan bi su da kallo irin wanda ake yi wa mai taurin kai.

Hanyar da ake kira Zagayen Annapurna da'ira ce da ta kewaye gungun duwatsun Annapurna a tsaunukan Himalaya. An buɗe ta ga baƙi 'yan ƙasashen waje a 1977, kuma tsawonta na kamawa daga kilomita 160 zuwa 230, gwargwadon inda mutum ya sauka daga mota da inda ya sake hawa. Tunda da'ira ce, a kan takarda duk inda aka faro can za a komo. Amma a ƙasa maganar ba haka take ba, domin zaɓen ɓangaren da za a soma da shi na iya zama bambanci tsakanin hutun da za a riƙa ba da labarinsa da kuma komowa Kathmandu a jirgi mai saukar ungulu.

Al'adar da aka saba ita ce a faro daga garin Besisahar da ke kudu maso gabas, a bi kwarin kogin Marsyangdi ana haurawa, duwatsun na hannun hagu, wato saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa. Besisahar bai kai mita dubu ba. Daga nan ana ratsa gonakin shinkafa da dazuzzuka, a wuce Chame da Pisang, a isa Manang mai tsayin kimanin mita 3,500 bayan kusan mako guda a ƙafa. A Manang akan huta kwana ɗaya ko biyu, sannan a yi gaba zuwa Yak Kharka, a kwana a Thorong Phedi ko a zangon da ke samansa a wajen mita 4,900. Wanda ya bi wannan tsari yakan iso mashigar ne bayan kimanin kwana goma, jikinsa ya riga ya saba da tsayin kaɗan-kaɗan.

Dalilin wannan jan ƙafa yana cikin jini. Duk hawan da aka yi, nauyin iska na raguwa, har ta kai a saman Thorong La kowane numfashi yana ɗauke da kusan rabin iskar oksijin da ake shaƙa a bakin teku. Jiki na iya gyara zamansa da hakan, amma yana buƙatar kwanaki. Shi ya sa likitocin tsaunuka ke ba da shawarar cewa da zarar an haura mita 3,000, kada inda za a kwana yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutawa bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wanda ya yi gaggawa yakan fara da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. In ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba, ruwa na iya taruwa masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowanne daga cikin biyun na kisa cikin ɗan lokaci. Maganinsu na farko shi ne sauka ƙasa nan take. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga wannan ciwo. Sau da yawa ma majiya ƙarfi ne ke faɗawa, saboda su ne ke iya hawa da sauri. A Manang, ƙungiyar agaji ta Himalayan Rescue Association na da ƙaramin asibiti inda likitocin sa-kai ke yi wa matafiya bayani kan wannan da rana a lokutan da ake yawan zuwa.

To, me ke jiran wanda ya juya tsarin ya faro ta yamma? Zai hauro ta kwarin kogin Kali Gandaki, tsakanin Annapurna mai mita 8,091 da Dhaulagiri mai mita 8,167, ya bi Jomsom da Kagbeni zuwa Muktinath, garin da mabiya addinin Hindu da na Buddha ke kai wa ziyara, a wajen mita 3,800. Daga nan zuwa mashigar akwai hawan kusan mita 1,600, kuma in ban da 'yan ƙananan masaukai da ke gindin hawan a wajen mita 4,200, babu wurin kwana. Mai zuwa ta gabas yana da mita ɗari tara da wani abu a gabansa a ranar ƙetarewa, ko ɗari biyar in ya kwana a zangon sama. Mai zuwa ta yamma kuwa aikin ya kusa ninkawa, kuma ko ya ƙetare, zangon farko da zai tarar a can gefen ya fi inda ya kwana jiya tsayi nesa ba kusa ba. Ga kuma wani tarko da ci gaba ya kawo: akwai filin jirgi a Jomsom, akwai hanyar mota har Muktinath, saboda haka mutum na iya karyawa a Pokhara, wadda ba ta kai mita dubu ba, ya kwana a mita 3,800 a ranar.

Duk da haka masu bin ta yamma ba su rasa hujja ba. A kwarin Kali Gandaki iska mai ƙarfi na tasowa daga kudu kullum kafin azahar, ɗauke da ƙura da tsakuwa. Mai haurowa tana tura shi ne ta baya, mai gangarowa kuwa a fuska yake karɓarta. Sannan mai bin tsarin da aka saba, bayan ya kai ƙololuwa, yana da gangarar mita 1,600 a ranar ɗaya, abin da masu ciwon gwiwa ba sa mantawa da shi. Akwai kuma batun cunkoso. A watan Oktoba wanda ya bi ayari da fuskoki iri ɗaya zai riƙa tseren neman ɗaki kowane dare, shi kuwa mai saɓa wa ayari wucewa kawai suke yi da juna. Waɗannan hujjoji na da nauyi ga wanda ya riga ya shafe makonni a tsaunuka, ko wanda zai iya zama kwana uku a Muktinath yana hawa da rana yana saukowa ya kwana. Ga wanda ya sauka daga jirgi shekaranjiya, ba su kai a sayar da rai a kansu ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa bin ayari ya kawar da haɗari. Ranar 14 ga Oktoba, 2014, ragowar guguwar Hudhud, wadda ta afka wa gabashin Indiya kwana biyu kafin nan, ta juye dusar ƙanƙara a yankin a tsakiyar lokacin da ake ganin ya fi kowane kyawun yanayi. Aƙalla mutum 43 ne suka rasu a yankin, 'yan Nepal da baƙi, aka kuma ceto ɗaruruwa. Da dama daga cikin waɗanda suka mutu a Thorong La sun riga sun kai saman. A hanyar gangarawa Muktinath ne dusar ta shafe sawu suka ɓata. Raunin tsarin da aka saba ke nan: yana ajiye wa matafiyi zango mafi tsawo, mafi ƙarancin mafaka, zuwa sa'o'in da ƙarfinsa ya ƙare. Kuma wanda ya shafe kwana goma yana tunkarar wuri guda, ga tikitin jirgi na jiransa, da wuya ya yarda ya juya daga bakin ƙofa.

Ba kowace da'ira ce zaɓen ɓangare ke da wannan nauyi a cikinta ba. Zagayen Mont Blanc, mai kimanin kilomita 170 da ya ratsa Faransa, Italiya da Suwizalan, shi ma akasari saɓanin agogo ake binsa, amma da yake babu inda ya kai mita 2,700, juya shi batun ra'ayi ne da neman gado a masauki. A dutsen Kailash na Tibet kuwa addini ne ke yanke hukunci: 'yan Buddha da 'yan Hindu na bi daidai da agogo, mabiya addinin Bon na saɓa musu.

Ga ma'aikacin da ke lissafin hutunsa na shekara daga Abuja, akwai abubuwa biyu da suka shafe shi fiye da Baturen da ya tashi a gindin tsaunukan Alps. Na farko, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wuri mafi tsayi a duk Nijeriya, mita 2,419 ne, wato bai kai ko garin Chame ba, inda tafiyar ba ta ma yi nisa ba. Babu inda mutum zai gwada jikinsa a gida ya san yadda zai karɓi mita dubu biyar. Na biyu, kimanin ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu na ɗauke da ƙwayar sikila, abin da ake kira AS, kuma an san ƙarancin oksijin a wurare masu tsayi na iya toshe jijiyoyin saifar mai irin wannan jini ko da bai taɓa ciwo ba. Zama da likita kafin sayen tikiti ya zama dole, har da tambaya kan maganin Diamox da wasu ke sha don sauƙaƙa sabo da tsayi.

Babbar jarabawa ga mai gajeren hutu ita ce mota. Yanzu motocin jif na kai fasinja har Manang, kuma mai kwana goma sha biyu kacal a hannu zai ga kamar an yi masa gata. Amma wanda ya hau mota daga Besisahar zuwa Manang ya zubar da ainihin amfanin farowa ta gabas, domin ya tsallake kwanakin da jiki ke koyon numfashi. In dole ne a rage tafiya, ƙarshenta ya fi dacewa a datse: a ƙetare mashigar, a gangara Jomsom, a hau mota ko jirgi zuwa Pokhara. Tun watan Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nepal ta wajabta wa baƙi ɗaukar ɗan jagora mai lasisi a irin waɗannan hanyoyi, ban da takardar izinin shiga yankin. Lokutan da aka fi zuwa su ne Oktoba zuwa Nuwamba da kuma Maris zuwa Afrilu. A tsakiyar hunturu dusar ƙanƙara kan rufe mashigar na kwanaki, ko ta wane gefe aka tunkare ta.