Idan an yanka miki takardar tara a kan hanya

 

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da hatsi ta tare ni a kasuwa, idonta jajir. Ɗanta mai kabu-kabu ne, an tare shi a hanya an riƙe mashin ɗin, aka ce sai ya kawo kuɗi. Ta sayar da akuyarta ta ba shi ya kai. Na tambaye ta, Inna, wane laifi aka ce ya yi? Ta ce ba ta sani ba. Ina rasit? Babu. Su wane ne suka kama shi? Ta ce masu kaki ne dai. To, wannan ne ya sa yau na ce mu zauna mu yi maganar tarar hanya, domin ko ba kya tuƙi, in an kama miji ko ɗa, sau da yawa asusunki ne ake fasawa. Balle yanzu ga malamai mata da ma'aikatan asibiti nan birjik a kan mashin da mota.

Masu tsayar da abin hawa ba ɗaya ba ne. Akwai 'yan sanda. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda muke kira 'yan rod sefti, an kafa ta a 1988, kuma dokar da ta tsara aikinta ita ce ta 2007. Akwai kuma jami'an duba lafiyar motoci, VIO, su na jiha ne. Abu na farko ke nan: ki san wa ya tsayar da ke. Ki dubi sunan da ke ƙirjin rigarsa, ki riƙe wuri da lokaci.

Idan ɗan rod sefti ya ce kin yi laifi, ƙa'ida ita ce ya rubuta miki takarda mai ɗauke da sunan laifin. Kowane laifi da kuɗinsa a rubuce. A jadawalin dokar 2007, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, rashin hular kwano 2,000, amsa waya ana tuƙi 4,000, rashin lasin 10,000, lodi fiye da kima 10,000, tuƙin ganganci kuwa 50,000. Kuma ba a hannunsa ake biya ba, a asusun gwamnati ake zubawa ta banki, a ba ki shaidar biya. Wani abin da mutane ba su sani ba, miƙa wa jami'in na goro shi kansa laifi ne a wannan jadawalin, tararsa 10,000. Kin ga an gudu ba a tsira ba.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne da kyau. Wannan takarda ba hukunci ba ce, zargi ne. Jami'in da ke bakin titi ba alƙali ba ne. Takardar tana ba ki zaɓi biyu: ko ki je ki biya, ma'ana kin haƙura da zuwa kotu, magana ta mutu, ko ki ce ba ki yarda ba, a kai ki gaban alƙali. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Wanda ya zarge ki shi zai kawo hujja. Kina da damar kare kanki da bakinki ko ki ɗauki lauya, kina da damar yi wa jami'in tambayoyi, ki kawo shaidunki. Kuma sashen ya ce in ba ki jin yaren da ake shari'ar da shi, a kawo miki tafinta kyauta. Wannan ya shafe mu sosai a ƙasar Zuru. Tsohuwar da Dakarci ne a bakinta, ko yaron da Turancinsa bai taka kara ya karya ba, kada su gyaɗa kai ga abin da ba su fahimta ba. Mutane da yawa sun amsa laifi a kotu don kawai sun ji an yi tambaya sun ce "e".

Haka abin yake ko a kotun tafi-da-gidanka, wadda ake kafawa a gefen hanya, musamman lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti. Majistare ne na gaske ke zaune, komai cikin sauri ake yi, amma saurin bai soke miki haƙƙi ba. In an karanta tuhuma, kina iya cewa ba ki aikata ba, ki roƙi lokaci ki kawo takardunki. In an yanke hukuncin da ba ki gamsu ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, sai dai akwai wa'adi, ba a jan ƙafa.

Me ke fitar da mutum? Takarda, 'yar uwa. Lasin da bai mutu ba, takardun mota, inshora ta gaskiya ba ta bayan tasha ba. Ki ɗauki hotonsu a waya, ki ajiye kwafi a gida. In an ce tayarki ta lalace ko fitila ba ta kamawa, alhali lafiya lau suke, ki ɗauki hoto nan take a wurin. In akwai fasinja ko mai shago da ya ga abin da ya faru, ki karɓi lambarsa. Sannan ki duba takardar tarar kanta: lambar motar daidai ce? Kwanan wata fa? Laifin da aka faɗa miki da baki shi aka rubuta?

Kada ki ce ai talaka ba ya cin gwamnati a kotu. A watan Oktoba na 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin kama motar mutum ko cin sa tara, bayan wani lauya ya kai ƙara. Amma a yi hattara, shari'ar Abuja ce, kowace jiha da dokarta. Kada wani ya je yana zare wa jami'i ido a hanyar Koko ko ta Kontagora yana cewa ya ji a rediyo. Gardamar doka a gaban alƙali ake yin ta. A bakin titi, ki sauke murya, ki karɓi takardarki. Zagi ko cakumar jami'i sabon laifi ne, kuma ya fi na farkon wuyar fita.

Ni dai a ganina ba kowace tara ce ta cancanci shari'a ba. In kin san a ranki ba ki ɗaura bel ɗin nan ba, je ki biya tararki ki karɓi rasit, ya fi miki kuɗin mota da zaryar kotu. Kuma in kika je kotu aka same ki da laifi, hukuncin na iya fin abin da ke jikin takarda nauyi. Amma in an ɗora miki abin da ba ki yi ba, ko an riƙe mashin ɗin da gida ke ci da shi babu takarda babu bayani, to wannan abin a tsaya a kai ne. Ki fara zuwa ofishinsu ki nemi ganin shugaban wurin, ki kai ƙorafinki a rubuce, ki riƙe kwafi. In ba ki da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi, tana da ofishi a Birnin Kebbi.

Sai dai in an yi haɗari har wani ya ji rauni ko ya rasu, wannan ya wuce maganar takardar tara. Nan kam kada direba ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba, ko ba a karanta masa ba, kuma a nemi lauya tun ranar farko.

Ita kuwa Inna mai hatsi, mashin ya dawo, akuya ce ba ta dawo ba. Na ce mata a gaba ta fara tambayar ɗan nata takarda kafin ta kwance igiya. Ta yi dariya ta ce ai yanzu hular kwano za ta saya masa.

Lokaci ya cimma mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.