Kaska da Cututtukan da Take Yaɗawa a Kudancin Kaduna

Kaska ƙwaro ce mai rayuwa da jinin shanu, awaki, tumaki da karnuka. A yankin Fadan Kaje da Kafanchan takan yawaita da damina, lokacin da ciyawa ta yi tsawo. Nau'in Amblyomma, mai zane-zane a baya, ya fi ɓarna, domin yana manne wa hantsa da hammatar dabba. Cizonsa na tsananta kirci, cutar da ke lalata fata ta rage nono. Yana kuma yaɗa ƙwayar bakteriya mai tara ruwa kewayen zuciya, wadda kan kashe dabba cikin 'yan kwanaki. Mutum ma kan kamu da zazzaɓi daga cizonsa. Rigakafin shi ne cire kaska kullum da feshin magani bisa shawarar likitan dabbobi.