Kawuna Da Fentin Mai

A hutun Disamba da ya wuce, da na koma gida daga makaranta, sai na tarar da abin mamaki. Kawuna, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya koma ɗan makaranta. Kowace Asabar da hantsi yakan ɗauki 'yar akwatinsa ta katako ya nufi Sama Road, gidan wani tsohon malamin zane da ke koya wa manya yin hoto da fentin mai. Su bakwai ne, kuma ƙaramin cikinsu ya girmi mahaifina. Mutanen gidanmu suna ta yi masa dariya, wai furfura ta koma wasan yara.

Da na tambaye shi dalili, sai ya ce an yanke shawarar rushe zauren kakanmu da ke cikin tsohon gari kafin damina, a yi na siminti, shi kuwa yana so ya zana shi tun yana tsaye. Na ce, "Kawu, ai ga waya, ku ɗauki hotonsa mana." Ya ce, "Ɗana, waya da ƙiftawar ido take gamawa. Ni so nake in zauna in dube shi sosai." Tun daga ran nan na zama mai ɗaukar masa akwati, ina kuwa sauraron abin da malamin ke faɗi. Shi ne nake so in ɗan bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu.

Fentin mai ba wani abu ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da mai. Amma ba kowane mai ba. Wanda aka fi amfani da shi ana ce masa linsid, daga 'ya'yan wani tsiro ake tatsarsa. Idan ka kwaɓa da man gyaɗa, sai ka gaji da jira bai bushe ba. Shi linsid ba ya bushewa irin ta wanki, watau ruwa ya tashi ya bar tufa. Iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama kamar fata. Saboda haka hoto yakan yi kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin a iya taɓa shi.

To, wannan jinkirin shi ne daɗin abin ga mai koyo. Fentin ruwa da muke amfani da shi a aji, da ka kuskure shi ke nan. Na mai kuwa, in layi ya karkace sai ka kankare da 'yar wuƙa, ko ka bari ya bushe ka shafe da wani launi. Sau huɗu Kawu ya sake ƙofar zauren nan. Akwai dai ƙa'ida guda da malamin ke maimaitawa kullum: shafin farko a tsinka shi, ya zama mai kaɗan ne a ciki, na bisa kuma a ƙara masa mai. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, daga baya hoton ya tsattsage kamar fadama da rani.

Kayan aiki ba su da yawa. Akoko mai kauri aka ɗaure a jikin katako, aka shafe shi da farin fenti don kada mai ya ci zaren. Sai buroshi uku, da kananzir na wanke su, da launi biyar: fari, ja, rawaya, shuɗi da ruwan ƙasa. Malamin ya hana su sayen baƙi. Ya ce su duba inuwar bango da la'asar, ba baƙa ba ce, akwai shuɗi da ja a cikinta. Na je na duba, ashe gaskiya ne, ga shi kuwa shekara 16 ina wuce ta ban lura ba. Ya kuma gargaɗe su kada su tara tsummokaran da suka sha linsid wuri ɗaya, domin suna iya yin zafi su kama wuta da kansu.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Wani mutumin Turai, Jan van Eyck, ya shahara da ita tun ƙarni na 15. A 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago ɗan bututun da ake matso fenti, irin na man goge baki, shi ya sa mai zane ke iya fita waje da kayansa kamar yadda Kawu ke yi. Mu ma nan Arewa muna da rabonmu. A 1958 waɗansu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar Turawa, amma a zana abin gida.

Innata ta nuna damuwa game da zana mai rai, wanda malamanmu suka yi magana a kansa. Kawu ya ce mata shi gini yake zanawa, da itatuwa, da gulbin Rima, ta kuwa yarda.

Babban abokin gabarsa hunturu ne. Wata rana na jingina hoton a tsakar gida, ina ganin rana za ta taimaka masa ya bushe. Kafin azahar ƙura ta manne da shi kamar an barbaɗa gari. Kawu bai yi mini faɗa ba, wuƙar kawai ya miƙo mini, na kankare aikin mako guda da hannuna.

An rushe zauren a watan Afrilu, ina makaranta. Hoton yana ɗakin Kawu, fuskarsa na kallon bango saboda ƙura, domin malamin ya ce sai ya yi wata shida kafin a shafa masa man ƙyalli. Baffannina da suka fi kowa dariya, biyu daga cikinsu sun riga sun zo sun ce a juyo musu shi su gani.