Gara da Asu

Wanda ya shimfiɗa tabarmar Madawa a ƙasa ya manta da ita, wata rana zai iske gara ta cinye ta. Wanda ya kulle bargon ulu cikin akwati tun ƙarshen ɗari, zai fiddo shi duk huji. Wannan kuma aikin asu ne. Su biyu duka ƙwari ne masu gudun haske, amma zamansu ba ɗaya ba ne.

Gara ba ta zama ita kaɗai. Cikin suri akwai sarauniya da sarki, da sojoji masu manyan kawuna, da ma'aikata. Sarauniya ba ta da aiki sai ƙwai. A rana guda takan yi dubbai, kuma tana iya wuce shekara 10 da rai. Ma'aikata su ke fita neman abinci: kara, itace, zana, takarda, duk abin da asalinsa tsiro ne. Jikinsu taushi gare shi, rana tana busar da su, shi ya sa suke rufe hanyarsu da laka. Shingen da kuke kamawa gaban fitila da farkon damana, gara ce mai fukafukai da ta fito neman wurin kafa sabon gida.

Asu ba shi da suri, ba shi da sarki. Ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne, bai kai santimeta 1 ba. Abin mamaki, babban asu ba ya cin kome! Macen takan saka ƙwai 40 zuwa 50 cikin tufafi, sannan ta mutu. Tsutsar da ta fito ita ce mai ɓarna. Abincinta gashin dabba ne: ulu, jar dara, fata, gashin tsuntsu.

Saboda haka kowa da maganinsa. Rumbu ana ɗora shi bisa duwatsu, a zuba toka a gindinsa. Bargo kuwa a kakkaɓe shi, a shanya a rana, a aje shi da busasshen ganyen bedi, irin itacen da aka jera a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 don tare iska.

A daji gara tana da rana. Wajen Keita da Buza manoma suna gina ƙananan ramu a fako, waɗanda ake kira tassa, su zuba taki. Gara ta zo cin takin, ta huhhuda ƙasa. In ruwa ya faɗi sai ya bi hanyoyinta ya nutse, hatsi ya tsira inda dā ko haki ba ya fita.