Boris Chirikov, Masanin da Ya Shata Iyaka Tsakanin Tsari da Hargitsi

A shekarun 1950 masanan Tarayyar Sobiyat sun duƙufa neman samar da makamashi ta hanyar da rana ke samar da zafinta, wato haɗe ƙwayoyin zarra. Hakan ba ya yiwuwa sai an gasa iskar gas ta kai miliyoyin digiri, ta koma abin da ake kira filasma. Babu ƙarfen da zai jure wannan zafi, don haka Gersh Budker ya kawo dabarar tarkon maganaɗisu mai matsattsun bakuna biyu, wanda ke koro ƙwayoyin zuwa tsakiya duk lokacin da suka nufi fita. Sai dai tambaya ta tsaya: har yaushe tarkon zai riƙe su, kuma me ke sa wasu su sulale?

Wanda ya kawo amsar wani matashi ne a cikin yaran Budker, Boris Chirikov. An haife shi a garin Oryol a 1928. Yana yaro ya ɗanɗani ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa Leningirad, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya rasa mahaifiyarsa. Duk da maraici ya kammala karatun fiziks a Mosko a 1952, daga baya ya bi Budker zuwa sabuwar cibiyar binciken nukiliya da ke Novosibirsk a Saiberiya, inda ya yi sauran rayuwarsa.

A 1959 ya fitar da maƙalar da ta yi bayanin gwaje-gwajen da abokin aikinsa Rodionov ya yi da wannan tarko. Ƙwayar ilektiron a cikin tarkon tana kewaya, tana kuma kai da kawo tsakanin bakunan biyu. Idan saurin waɗannan motsi biyu ya zo daidai, sai ɗaya ya riƙa ƙara wa ɗaya ƙarfi, kamar yaron da ke kan lilo ana tura shi a daidai lokacin da ya dawo. Irin wannan daidaituwa tana faruwa a wurare da yawa, kowace da yankinta. Chirikov ya nuna cewa muddin yankunan na nesa da juna, ƙwayar tana tsare. Amma da zarar sun faɗaɗa har suka shiga juna, sai ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tsari, har ta fice. Babu wani abu na kwatsam da ya shigo daga waje. Dokokin motsi ne da kansu suka haifi hargitsin.

Bayan shekara 10 ya taƙaita lamarin a cikin lissafi mai layi biyu kacal, wanda ke siffanta sanda mai juyawa da ake bugawa lokaci-lokaci. Lamba ɗaya, K, ita ce ƙarfin bugun. Ƙa'idarsa ta farko ta ce hargitsi zai mamaye ko'ina idan K ta kai wajen 2.5. A 1979 John Greene na Amurka ya gano cewa ainihin iyakar tana kusa da 0.97. Wannan bai rage darajar ƙa'idar ba, domin tana ba mai bincike kimantawa cikin sauri a inda cikakken lissafi ya gagara. A wannan shekarar ce kuma doguwar maƙalar Chirikov ta fito da Turanci, masanan duniya suka yi ta ɗiba daga cikinta.

Bai tsaya nan ba. Shi da abokan bincikensa Casati da Ford da Izrailev sun gano cewa a duniyar ƙananan ƙwayoyi, dokokin kwantam suna taka wa yaɗuwar hargitsi birki, abin da rukunin Mark Raizen ya tabbatar a Texas a tsakiyar shekarun 1990 da ƙwayoyin sodiyam masu tsananin sanyi. A 1989 kuma shi da Vecheslavov suka bi sawun zuwan tauraruwa mai wutsiya ta Halley, wadda ke dawowa kusan duk shekara 76. Suka nuna cewa jan duniyar Mushtari yana bugun ta kamar waccan sanda, tafiyarta na hargitsi ce, kuma nan da miliyoyin shekaru za ta iya barin kewayen rana.

Chirikov ya rasu a watan Fabrairun 2008. Tambaya ɗaya ya riƙe kusan shekara 50, ya bi ta daga ilektiron har tauraruwa. Har yau masu ƙera injinan filasma da masu lissafin falakin taurari suna aiki da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa.