Zaɓen Garin Tarihi a Ziyarar Wuni Ɗaya: Misali Daga Madrid

Gabatarwa

Baƙon da ya sauka a Madrid, babban birnin ƙasar Sifaniya, yakan ware rana guda daga cikin kwanakinsa don ya leƙa tsofaffin garuruwan da ke kewaye da birnin. Uku daga cikinsu sun fi shahara: Toledo da Segobiya da Abila. Dukkansu hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya, Segobiya da Abila a shekarar 1985, Toledo kuma a 1986. Kowanne ana iya zuwa da safe a dawo da yamma. Matsalar ita ce ranar guda ce, garuruwan kuwa uku, kuma ba a gefe ɗaya suke ba. Wanda ya yi zaɓe ba lissafi yakan ƙare wuninsa a tasha da cikin mota, ya koma gida da hotuna amma bai san abin da ya gani ba. Wannan takarda za ta bayyana abin da kowane gari ya ƙunsa, sannan ta nuna yadda ake auna lokaci kafin a yanki tikiti.

Toledo: garin addinai uku

Toledo na kudu da Madrid da tazarar kilomita 70 ko kusa da haka. Tun 2005 jirgin ƙasa mai sauri ke zuwa can daga tashar Atoca, kuma tafiyar ba ta wuce rabin awa da ƴan mintoci ba. Garin na bisa tudun dutse, kogin Taho ya zagaye shi ta ɓangare uku.

Musulmi sun karɓi garin a farkon ƙarni na 8, Larabawa na kiransa Tulaitula, ya kuma zauna cikin ƙasar Andalus har 1085, shekarar da sarki Alfonso na Shida ya ci shi. Daga wancan zamani akwai ƙaramin masallacin Bab al-Mardum, wanda aka gina a shekarar 999. Faɗinsa bai fi mita takwas ba, yana da ƙananan ƙubbobi tara, kuma rubutun Larabci da aka tsara da tubali yana nan a goshinsa. Daga baya an mai da shi coci, yanzu kuwa wurin tarihi ne da ake shiga kallo. Akwai kuma tsofaffin wuraren ibadar Yahudawa guda biyu da suka rage bayan korar Yahudawa daga ƙasar a 1492. Babbar majami'ar garin an fara ginin ta a 1226, ba a gama ba sai 1493.

Ga ɗalibin harshe, Toledo na da wata daraja ta daban. A ƙarni na 12 da na 13 malamai sun taru a nan suna fassara littattafan Larabci zuwa Latin. Cikinsu har da Jerad mutumin Kiremona, wanda ya fassara littafin likitanci na Ibn Sina, ya kuma rasu a garin a 1187. Mai sha'awar zane kuma zai tarar da ayyukan El Gireko, wanda ya zauna a Toledo daga 1577 har rasuwarsa a 1614.

Sai dai garin na cin lokaci. Tashar jirgi na wajen gari a ƙetaren kogi, lungunan ƙanana ne masu hawa da sauka, kuma abubuwan kallo a warwatse suke, kusan kowanne sai an shiga ciki kafin a ga amfaninsa. Toledo garin wuni cikakke ne.

Segobiya: garin da ake gani a miƙe

Segobiya na arewa maso yamma da Madrid, bayan duwatsun Guwadarama, wajen kilomita 90. Jirgi mai sauri ya fara zuwa can a ƙarshen 2007. Yana tashi daga tashar Camartin, ya ratsa ƙarƙashin duwatsun ta ramin da tsawonsa ya kai kilomita 28, ya isa cikin rabin awa. Amma tashar da yake tsayawa na nesa da tsakiyar gari, don haka sai an ƙara da bas ko tasi.

Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar ruwa da Rumawa suka gina wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Tana da bakan gizo fiye da 160, tsayinta a wuri mafi bisa ya kai mita 28, kuma duwatsun da aka yi ta da su an jera su ne kawai, ba kwaɓi ba siminti. Ta ci gaba da kawo ruwa daga dutse zuwa gari har cikin ƙarni na 20. Daga gindinta hanya ɗaya ce ke hawa zuwa babban dandali, inda majami'ar da aka fara ginawa a 1525 take, ta zarce har fadar da ake kira Alkasar, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci al-ƙasr. A wannan gari ne aka naɗa Isabela sarautar Kastila a 1474. Gobara ta cinye babban ɓangaren fadar a 1862, shi ya sa yawancin adon da ake gani a ciki na gyaran da aka yi daga baya ne.

Tafiyar ƙafa daga gadar zuwa fada ba ta kai rabin awa ba in ba a tsaya ba. Wannan tsari ne ya sa Segobiya ta fi sauƙi ga mai ƙaramin lokaci, ko mai tafe da yara da tsofaffi: awa huɗu sun isa a ga manyan abubuwa uku ba tare da ɓata ba. Abu ɗaya da ya kamata baƙo Musulmi ya sani: abincin da garin ya yi suna a kansa gasasshen ɗan alade ne, kuma miyar wake ma yawanci da naman alade ake dafa ta. Gara ya tambaya kafin ya ce a kawo.

Abila: garin ganuwa

Abila ta fi nisa, wajen kilomita 110 daga Madrid, kuma jirgi mai sauri ba ya bi ta can. Tafiyar takan ɗauki awa ɗaya da rabi. Garin na bisa tudu mai tsayin mita 1,130 daga gaɓar teku, ya fi duk manyan biranen lardunan Sifaniya bisa, saboda haka sanyinsa mai tsanani ne.

Darajar Abila ganuwarta ce. An fara gina ta wajen ƙarshen ƙarni na 11, da dutse, tsawonta kilomita biyu da rabi, da hasumiyoyi fiye da 80 da ƙofofi tara, kuma har yau a tsaye take ta kewaye tsohon gari gaba ɗaya. Wanda ya san badalar Kano ko ta Damagaram zai gane manufar ginin nan take, ko da yake waɗancan da ƙasa aka yi su. Ana hawa bisanta a taka fiye da rabinta. Garin kuma mahaifar Teresa ce, fitacciyar malama a ɗariƙar Katolika da aka haifa a 1515, don haka Kiristoci masu ziyara na yawan zuwa. Ga wanda ba wannan ce ta kawo shi ba, awa biyu zuwa uku sun wadatar.

Lissafin awoyi

A ɗauka mutum ya bar masaukinsa da ƙarfe tara na safe, yana son ya dawo da bakwai na yamma. Yana da awa goma ke nan. In Toledo kaɗai ya nufa, zuwa da dawowa daga ƙofar masauki zuwa tsakiyar gari za su ci kamar awa biyu, cin abinci awa ɗaya, ya rage masa awa bakwai.

In kuwa ya ce zai haɗa Toledo da Segobiya ta jirgi, lissafin ya sauya. Ɗaya na kudu, ɗaya na arewa, kuma dole ya komo Madrid ya sake tasha, daga Atoca zuwa Camartin. Zuwa Toledo awa ɗaya, dawowa awa ɗaya, sauyin tasha da jiran jirgi kusan awa ɗaya, zuwa Segobiya awa ɗaya, komowa gida awa ɗaya: awa biyar sun tafi a hanya. In an cire ta abinci, saura huɗu, wato biyu ga kowane gari. A Toledo awa biyu ba ta wuce majami'a da dandali ba. Kamfanonin yawon buɗe ido na sayar da irin wannan tafiya a bas, wasu ma har da Abila a ciki, amma hanyar mota daga Toledo zuwa Segobiya ita kaɗai kusan awa biyu ce. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Haɗin da ya fi dacewa shi ne Segobiya da Abila. Duka biyun na bayan duwatsu ɗaya, tsakaninsu wajen kilomita 65, tafiyar awa guda a mota, kuma babu wadda ke buƙatar wuni cikakke. Wanda zai bi ta motar haya ya duba lokutan tashinta tun daren jiya, domin ba ta yawaita kamar jiragen Madrid.

Wasu abubuwan lura

Na farko, lokacin shekara. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a tsakiyar Sifaniya sai kusan goma na dare, a Disamba kuwa kafin shida duhu ya fara. A Yuli da Agusta zafin Toledo kan kai maki 40, hawan lungunanta da tsakar rana wahala ce, alhali Segobiya da Abila sun fi sanyi saboda tudu. Da hunturu abin ya juya, ƙanƙara kan sauka a waɗannan biyun.

Na biyu, ranar mako. Gidajen tarihi da dama na rufewa ranar Litinin, ciki har da fadar Eskoriyal da sarki Filib na Biyu ya gina tsakanin 1563 da 1584, wadda wasu ke zaɓa a matsayin tafiyar rabin wuni saboda ɗakin karatunta mai ɗauke da rubuce-rubucen hannu na Larabci. Asabar da Lahadi kuwa mutanen Madrid kansu na fita, cunkoso ya ƙaru.

Na uku, tikiti. Jirgi mai sauri kujera-kujera ake sayar da shi, in ya cika ya cika. Wanda bai yanki na dawowa tun da wuri ba yana iya rasa jirgin yamma.

Na huɗu, al'adar gari. Ba a zama cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, kuma ƙananan kantuna da yawa na rufewa daga lokacin har kusan biyar.

Kammalawa

Tambayar da baƙo zai fara yi wa kansa ita ce me ya fi son gani, sannan awa nawa ke hannunsa bayan an cire ta hanya. Mai neman tarihin Andalus da na fassara ya ba Toledo ranar duka, kada ya haɗa ta da komai. Mai son gine-ginen da ake gani daga waje cikin sauƙi ya nufi Segobiya. Mai ƙarfin jiki da ke tafiya a lokacin dogon wuni ya ƙara Abila a kanta. Wanda kuwa yake son ukun, maganinsa ya nemi rana ta biyu.