Doka da ɗa'ar aikin agajin gaggawa na lafiya a yankin Kaoje

Aikin agajin gaggawa na lafiya shi ne taimakon da ake bai wa wanda ya yi hatsari ko ciwo ya kama shi farat ɗaya, tun daga inda abin ya faru har a kai shi asibiti. Ma'aikacin da aka horar musamman domin wannan aiki ana kiran sa faramedik. Akwai dokokin ƙasa da suka ɗora masa nauyi, akwai kuma ɗa'ar aiki da ake sa ran zai kiyaye ko da babu mai ganin sa. A yankin Kaoje da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kamar sauran karkarar arewacin Najeriya, ba kasafai faramedik ne ke fara isa wurin mara lafiya ba. Galibi nas ce, ko ma'aikacin lafiya na matakin farko, ko jami'in kiyaye haɗurra, wani lokaci ma direban mota ko ɗan acaɓa. Saboda haka nauyin da ake magana a kai yana sauka ne a kan duk ma'aikacin lafiyar da aka fara samu, kowane irin suna aikinsa yake da shi.

Yanayin yankin

Kaoje na kudu maso yammacin jihar Kebbi, a ƙetaren kogin Neja, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Ta garin Tsamiya ake shiga Benin, a nufi Segbana da ke jihar Alibori ta ƙasar. Mazauna yankin sun haɗa da Fulani, Hausawa, Busawa da Zabarmawa, kuma noma da kiwo da kasuwancin kan iyaka su ne manyan sana'o'insu. Manyan asibitocin da ake tura masu tsananin ciwo, irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, suna Birnin Kebbi ne, tafiyar sa'o'i bayan an ƙetare kogi. Abubuwan da suka fi kawo mutum cikin gaggawa a irin wannan wuri su ne hatsarin babur da mota, doguwar naƙuda da zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, saran maciji, da nutsewa a ruwa lokacin damina.

Nisan nan shi ne ya sa dokokin ke da wani nauyi na daban a Kaoje. A birni ma'aikaci na iya miƙa mara lafiya ga likita cikin mintoci. A ƙauye shi kaɗai ne zai yanke shawara, kuma shi ne zai amsa tambaya daga baya.

Haramcin ƙin karɓar mara lafiya

Babbar doka a wannan fanni ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014. Sashe na 20 na dokar ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin bai wa mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya karya wannan sashe za a iya cin sa tarar naira 100,000, ko a ɗaure shi har wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Rashin kuɗi ba hujja ba ne, haka nan rashin kati ko rashin ɗan'uwa da zai tsaya masa.

Dokar ta ambaci mutum ne kawai, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Wannan yana da muhimmanci a bakin iyaka, inda makiyayi ko ɗan kasuwa daga ɓangaren Benin zai iya faɗuwa a kasuwar Najeriya ba tare da wata takarda a aljihunsa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zirga-zirga a tsakaninsu, amma ko da mutum ya shigo ta ɓarauniyar hanya ne, binciken wannan aikin jami'an shige da fice ne, ba na mai ɗaure rauni ba.

A shekarar 2017 aka ƙara wata doka kan waɗanda aka harba da bindiga. Kafin ita, asibitoci da dama kan nemi takardar 'yan sanda kafin su taɓa mai raunin harsashi, mutane kuma suna mutuwa ana jiran takarda. Dokar ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi irin wannan mutum ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba tare da jiran kuɗin kafin alƙalami ba. Abin da ta ɗora wa asibiti shi ne ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin sa'o'i biyu da fara magani. Ta kuma ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo mai raunin, kada a takura masa da tambayoyi marasa dalili. Wannan sashe na ƙarshe an yi shi ne domin kawar da tsoron da ke sa mutane su tsaya kallo, suna gudun kada taimako ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Iyakar abin da ma'aikaci zai iya yi

Wajabcin taimako bai ba kowa izinin yin abin da bai koya ba. Kowane rukuni na ma'aikata yana da hukumar da ke ba shi lasisi da kuma iyakar aikinsa. Nas-nas da ungozoma suna ƙarƙashin majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda aka fi sani da CHEW, suna da tasu hukumar rajista da aka kafa a 1992, kuma suna aiki ne da wani littafin ƙa'idoji da ke nuna musu abin da za su yi wa kowace cuta da lokacin da ya wajaba su tura mara lafiya gaba. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin raba ayyuka, wanda ya ba waɗannan ma'aikata damar yin wasu ayyukan ceton rai bayan an horar da su, kamar ba da allurar farko ga mai jijjigar ciki da maganin tsayar da jini bayan haihuwa, sannan su tura ta asibiti.

Idan ma'aikaci ya tsallake iyakarsa, ko ya yi sakaci a cikin abin da ya iya, ana iya tuhumar sa ta hanyoyi uku. Hukumarsa na iya dakatar da shi ko ta ƙwace lasisinsa. Iyalan mara lafiya na iya kai ƙara su nemi diyya. Idan kuma sakacin ya yi muni har aka rasa rai, kundin hukunta laifuka na Arewa da ake kira Final Kod ya tanadi hukunci. Ma'aunin da kotu ke dubawa shi ne ko ma'aikacin ya yi abin da ƙwararren ɗan'uwansa mai hankali zai yi a irin wannan hali da irin kayan da ke hannu. Ba a auna shi da likitan babban asibiti, kuma mutuwar mara lafiya ita kaɗai ba ta nufin an yi sakaci. Jihar Kebbi na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, kuma a fiƙihu ma tun da daɗewa malamai sun bambanta tsakanin ƙwararren da ya yi iyakar ƙoƙarinsa da wanda ya shiga magani ba da sani ba, wanda shi ake ɗora wa biyan abin da ya ɓata.

Amincewar mara lafiya

A ƙa'ida ba a taɓa jikin baligi mai hankali sai da yardarsa, bayan an yi masa bayanin abin da ke damun sa da abin da za a yi masa. Idan mutum ya suma ko ba ya cikin hayyacinsa, kuma jira zai iya halaka shi, ana ɗauka cewa da zai iya magana da ya yarda, sai a ci gaba da ceton sa.

Mutum yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da haka a 2001, a shari'ar da kotun ladabtar da likitoci ta yi da Dokta John Okonkwo, wanda ya bi umarnin wata mara lafiya mabiyar Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini har ta rasu. Kotun ta wanke likitan. Amma a 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya, kotun ta nuna cewa wannan 'yanci bai kai ga iyaye su hana a ceci ƙaramin yaro saboda aƙidarsu ba.

A karkara matsalar da aka fi gamuwa da ita ta wata fuska ce. Mace na zubar da jini, ma'aikaci ya ce a tafi babban asibiti, sai dangi su ce a jira maigida ya dawo daga gona ko daga ƙetaren iyaka. A doka, yardar macen da kanta ta wadatar muddin baliga ce mai hankali, ba a buƙatar sa hannun miji. A zahiri kuwa ma'aikacin da ya yi watsi da dangi gaba ɗaya yana iya rasa mota da kuɗin mai da wanda zai ba da jini. Shi ya sa ƙwararru kan fara da tambayar macen abin da take so, sannan su nemi suruka ko wani dattijon gida ya mara mata baya, ana kiran mijin a waya yayin da ake shirin tafiya. Haka kuma idan namiji ne zai duba mace, ɗa'a ta nemi ya sa wata mace ta tsaya a wurin, ya kuma rufe duk inda ba ya buƙatar buɗewa, duk da cewa larura ta halatta masa aikin.

Harshe ma yana cikin sharuɗɗan amincewa, ko da yake ba a cika kula da shi ba. Sashe na 23 na dokar 2014 ya ce a yi wa mara lafiya bayani, gwargwadon iko, da harshen da yake ji da kuma la'akari da matakin karatunsa. A yankin da ake magana da Fulatanci, Hausa, Busanci da Zabarmanci, takardun asibiti na Najeriya da Turanci, na Benin kuma da Faransanci, sau da yawa sai an nemi tafinta. Tafintan da ya fi sauƙin samuwa shi ne ɗan'uwa ko ɗan mara lafiyar, wanda kunya kan sa ya tsallake kalmomin da suka shafi al'aura ko ciki, ko ya sassauta mummunan labari. Gyaɗa kai a irin wannan hali ba lallai ne ya zama yarda ba. Dangwala yatsa a takardar da ba a fassara wa mutum ba kuwa yana kare asibiti ne kawai a ido.

Sirri

Sashe na 26 na dokar ya mai da duk bayanin lafiyar mutum sirri. Ana iya bayyana shi ne kawai idan mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko iyaye da masu kula da wanda ba zai iya yanke wa kansa shawara ba suka nema, ko kuma idan ɓoyewa zai jefa jama'a cikin haɗari, kamar a ɓarkewar kwalara ko zazzaɓin Lassa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Ɗaukar hoton wanda ya yi hatsari a yaɗa a WhatsApp ko Facebook ya saɓa wa wannan, kuma yakan sa iyali su ji labarin rasuwar ɗansu daga waya kafin a aiko musu. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, magana ɗaya a majalisa ta isa ta hana wata mata sake zuwa asibiti.

Tura mara lafiya da rubuta bayani

Wanda ya fara kula da mutum ba ya barin sa sai ya miƙa shi ga wanda ya kai shi ko ya fi shi ƙwarewa. Kafin a ɗora mara lafiya a mota ana tsayar da jini, a tabbatar yana numfashi, a rubuta lokacin da aka same shi, halin da yake ciki, da maganin da aka ba shi da yawansa. Takardar nan ita ce ke hana asibiti na gaba maimaita allurar da aka riga aka yi, kuma ita ce shaidar ma'aikaci idan magana ta taso. Idan mutane da yawa suka ji rauni lokaci guda, ana fara wa ne da wanda ya fi kusa da halaka amma ake iya ceto, ba da mai sarauta ko mai kuɗi ko wanda danginsa suka fi ɗaga murya ba.

Haƙƙin ma'aikaci da batun kuɗi

Shi ma ma'aikaci doka ta kare shi. Ba a buƙatar ya shiga wuta ko ruwa ko wurin da ake harbe-harbe kafin a tabbatar da tsaro, kuma wajibi ne asibiti ya ɗauki matakan kare shi daga rauni da kamuwa da cuta. Sashe na 21 ya ba shi damar ƙin kula da wanda ya doke shi ko ya zage shi ko ya ci zarafinsa, in ban da masu taɓin hankali, tare da kai rahoto ga hukuma.

Tambayar da asibitoci suka daɗe suna yi ita ce wa zai biya kuɗin wanda aka karɓa ba shi da ko sisi. Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin kulawar gaggawa. Da wannan kaso aka kafa shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka fara a Abuja a 2022 kafin a faɗaɗa shi zuwa jihohi, kuma yana ɗaukar nauyin kulawar sa'o'i 48 na farko. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra FRSC kuma 122. A wasu jihohin arewa, irin su Jigawa da Gombe, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW domin su riƙa kai masu naƙuda asibiti a inda motar asibiti ba ta kaiwa.